Tambayi Mai Hoto: Farar Shadda Ta Ƙone a Hotona

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya bar mini tsohuwar kyamararsa ƙirar Canon. Matsalata biyu ce. In na fita ban san abin da zan ɗauka ba. Sannan hoton da na gani ras a allon kyamara, in na ɗora a kwamfuta sai in tarar farar shaddar mutum ta zama fari fat, ko aikin wuya ba a gani. Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ta farkon ba ta da wuya. Ki ware mako guda, kada ki ɗauki komai sai abu mai da'ira: faifai, bakin tukunya, tayar keke, tiren mai talla, kaskon waina da ramukansa. Mako na gaba ki koma mai kusurwa uku, kamar zankwayen da ke saman tsofaffin gidajen ƙasa na birnin Zariya. Daga nan sai mai kusurwa huɗu. In kika daina neman "abu mai kyau" kika koma farautar siffa, idonki zai fara lura da inda layi ya bi da inda inuwa ta faɗa. Ni a marinar Ƙofar Mata ta Kano na yi nawa atisayen, na wuni a kan ramukan rini har masu rinin suka fara yi mini dariya.

Ta biyun kuwa, allon nan maƙaryaci ne. Na taɓa ɗaukar hoton wani ango a wurin ɗaurin aure da tsakar rana. Rana ta dushe mini allo, na zaci hoton ya yi duhu, na ƙara haske. Da na koma gida, babbar rigarsa ta zama kamar takarda, aikin da aka yi wata da watanni ana yi da hannu ya ɓace. Tun ranar nake duba histogiram.

Ki buɗe hoton a kyamara, ki riƙa danna maɓallin INFO, ko DISP a wasu tsofaffin, har wani ɗan zane mai kama da tsauni ya fito. Shi ne histogiram ɗin. Gefen hagu baƙi ƙirin ne, wato 0, gefen dama fari fat, wato 255, tsakiya kuma ruwan toka. Tsayin tsaunin a kowane wuri yana nuna yawan ɗigon hoton da ke da wannan hasken. Kada wani ya ce miki dole sai tsaunin ya zauna a tsakiya. Hoton dare hagu zai karkata, na farin bango kuma dama, kuma duk daidai ne. Abin tsoro shi ne ki ga tsaunin ya manne da bangon dama ya miƙe tsaye. Wurin ya ƙone, babu manhajar da za ta dawo da shi. Duhu ana iya ɗan ceto shi, ko da zai yi tsakuwa-tsakuwa.

Ga abin da nake zaton ya same ki. Mai farar shadda ya tsaya a bakin zaure mai duhu. Ita kyamara kullum ƙoƙarinta ta maida jimillar hasken hoto ruwan toka, sai ta ga duhu ya yi yawa, ta ƙara haske, riga ta ƙone. Ki nemi maɓalli mai alamar +/-, ki rage zuwa -1, ki sake ɗauka, ki duba ko tsaunin ya saki bangon. In kuma fari ne ya cika hoton gaba ɗaya, akasin haka take yi, sai shaddar ta fito kamar wadda ta sha ƙura. A nan ƙarawa za ki yi.

Ki haɗa darasin biyu wuri guda: ki ɗora farin kwano a kan baƙin mayafi da hantsi, ki ɗauka sau uku, a -1, a 0, da +1, ki ga yadda tsaunin ke tafiya daga hagu zuwa dama. In hunturu ya shigo kika ga ya dunƙule a tsakiya, kyamararki lafiya lau take, hazo ne.