Tambayi Likita: Rijiyarmu tana warin fetur

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan mai. Tun tsakiyar damina ruwan rijiyarmu yake warin fetur, in an ɗebo a bokiti sai ka ga maiƙo mai launi-launi a sama. In mun tafasa za mu iya sha? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, daga yau ku daina sha, ku daina girki da shi. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, fetur kuwa ba ƙwayar cuta ba ce. In kin ɗora shi a wuta, tururin ne zai cika kicin ki shaƙa. Alimun ma laka kawai yake kwantarwa.

Gidajen mai a ƙarƙashin ƙasa suke binne tankunansu. In tanki ya yi tsatsa, ko bututu ya saki a mahaɗa, man zai riƙa tsiyaya ba wanda ya gani, har ya tarar da ruwan ƙasa ya kwanta a kansa, ya bi shi duk inda ya gangara. Abin da ya fi tayar mana da hankali a cikinsa shi ne sinadarin benzin, wanda yake lalata ɓargo, in an daɗe ana sha kuma yana iya kawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikurogiram 10 a lita ɗaya ta ruwan sha (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). A rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan yankin Ogoni da ke Jihar Ribas, an sami rijiyoyi a garin Nisisioken Ogale da suka ninka wannan adadi fiye da sau 900, mutane kuma suna ta sha.

Kada kowa ya shiga rijiyar da sunan yashewa, tururin yana sumar da mutum. Kada kuma a leƙa da fitilar ƙwai ko ashana.

Tambaya: Likita, tamu burtsatse ce kuma ba ta wari. Muna da matsala? Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Malam, hanci ba ma'auni ba ne, benzin yana iya wuce ƙa'ida ba ka ji komai ba. Zurfi yana taimakawa, amma in ba a toshe wuyan burtsatsen da siminti sosai ba, gurɓataccen ruwan sama-sama zai bi jikin bututu ya sauka. Ka kai ruwan ɗakin gwaji, ka faɗa musu ƙarara cewa gwajin man fetur kake so, domin gwajin da aka saba yi ba ya nemansa. A kwalbar gilashi ake ɗiba, a cika ta maƙil, a sa a ƙanƙara. A maimaita da rani da damina.

A gaskiya wannan nauyin mai gidan man ne. Shi ya kamata ya haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido kewaye da tankunansa, ana auna su a kai a kai. Ku haɗu da mai unguwa ku kai ƙorafi a rubuce ga hukumar NMDPRA mai kula da harkar gidajen mai, da ma'aikatar muhalli ta jiharku.

Tambaya: Ɗana ya kurɓi fetur a gorar ruwa, muka ba shi manja ya yi amai. Daidai ne?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Wajen aman ne man yake faɗawa huhu, nan haɗarin yake. Ba manja, ba madara. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke jikinsa, a kai shi asibiti. Ki kai shi yanzu a duba ƙirjinsa, musamman in yana tari, zazzaɓi ko numfashi sama-sama.