Kakan babana ya riƙe bindiga mai jigida a yaƙin Jamus, ina zan samo labarinsa?

Tambaya: Malam, a gidanmu ana cewa kakan babana ya yi soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana cikin masu bindiga mai jigida, har sun je Gabashin Afirka. Sunansa kawai muke da shi, sai wata tsohuwar lambar girma ta azurfa da ke cikin akwatin gwaggona. Daga ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, fara daga akwatin gwaggo. Ɗauko lambar, ka goge ta da tsumma mai laushi, ka duba bakinta ta gefe. Lambobin da Ingila ta raba bayan wannan yaƙi ana buga musu lambar soja, da muƙami, da suna, da rundunarsa. Idan akwai kan Sarki Joji na Biyar a gaba, da mahayin doki a baya, to ita ce. Wannan 'yar lambar soja da aka buga a gefenta ta fi sunan amfani nesa ba kusa ba, domin Turawan da ke ɗaukar sojoji yadda kunnensu ya ji suke rubutawa: Audu ya koma Awudu, Usman ya koma Osuman, sai a liƙa masa sunan gari. Musa Kano nawa kake zato a bataliya guda?

Kada ka ɓata lokaci a takardun rundunar masu bindiga mai jigida da Ingila ta kafa a 1915 ta kuma rushe a 1922. Ta Turawa ce. Namu suna cikin Rejimantin Nijeriya, kuma bindigoginsu na tare da bataliyoyinsu. Birged ɗin Nijeriya ta isa Darussalam, a Tanzaniya ta yau, a ƙarshen 1916, ta sha yunwa a bakin kogin Rufiji da damina, sannan ta gwabza da dakarun kwamandan Jamus Lettow-Vorbeck a Mahiwa cikin Oktoban 1917, inda aka yi asarar rayuka sosai.

Da lambar sojan a hannunka, shiga shafin ma'adanar takardun tarihi ta Ingila da ke Kiw, a Landan. Katunan lambobin girma suna ƙarƙashin WO 372, kundin ayyukan yau da kullum na bataliyoyi kuma WO 95. Sai dai kundin nan ba kasafai yake ambaton ƙaramin soja da suna ba. Abin da zai ba ka shi ne inda bataliyarsa ta kwana, da ranar da ta shiga wuta.

Akwai kuma abin da iyalai ba sa son ji. Bindiga mai jigida ƙirar Vickers ba ta mutum ɗaya ba ce: ga ita kanta, ga ƙafafunta uku, ga ruwan sanyaya ta, ga akwatunan jigida mai harsashi 250 kowace. An ɗauki mutane musamman don dakon waɗannan, kuma suna shiga har bakin daga. Ta yiwu kakanku cikinsu yake. A ganina wannan bai rage shi da komai ba, harsashi bai san mai harbi da mai ɗauka ba.

In a can ya rasu, nemi sunansa a shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel. Rashin ganinsa ba hujja ba ce, don a 2021 hukumar da kanta ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba. In kuwa ya dawo gida, je ka zauna da gwaggo da rikoda kafin ka taɓa kwamfuta.