Amsa ga 'yar'uwar da maƙwabta suka cushe wa hanyar bene da kaya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta tambayarki. Kin ce kina sama a wani bene mai filat shida a unguwar Malali cikin garin Kaduna, maƙwabtanki na ƙasa sun mayar da lungun shiga da ƙarƙashin matattakala sito: tsohuwar firiza, buhunan masara, babur, jarkokin mai, har da tukunyar gas. Surukarki ta yi tuntuɓe da daddare da aka ɗauke wuta, ke kuma ba ki son rigima, amma haƙurinki ya kusa ƙarewa. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya kiyaye gaba.

Na daɗe a gidajen haya irin wannan a garin nan. Na zauna a Barnawa, na zauna a Unguwar Rimi, yanzu ina Unguwar Dosa, kuma babu inda ban tarar da wannan matsalar ba. Na ga wasu sun ba ki shawarar ki yi shiru tunda zaman haya zaman haƙuri ne, wasu kuma sun ce ki sa yara su watsa kayan waje. Duka biyun ban yarda da su ba. Shirun zai iya jawo asarar rai, watsa kayan kuma zai mayar da ke mai laifi alhali ke ce mai gaskiya.

Kafin ki buɗe baki da kowa, ki raba kayan nan a ranki, domin ba duka ne hukuncinsu ɗaya ba. Takalman baƙi ranar suna, tukwanen biki, ragon layya da aka ɗaure kwana biyu kafin Sallah, waɗannan ki kawar da kai. Gobe ke ma za ki yi naki taron, su ma su haƙura da ke. Firiza da ta mutu da katifar da aka daina kwana a kai, waɗannan takura ce, ana bin su a hankali. Amma fetur da gas a ƙarƙashin matattakalar da ita kaɗai ce hanyar fitarku, wannan ba maganar takura ba ce, kuma ba a jinkirta ta.

Bari in tsaya a nan kaɗan, don mutane da yawa ba su san yadda abin yake ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo, kowa ya koyi ajiye 'yar jarka saboda janareta ko babur, kuma ba wanda yake son warinta a ɗakinsa, sai a kai ta lungu. Tururin fetur ya fi iska nauyi, haka ma gas ɗin girki. In sun tsiyaye ba sama suke tashi su watse ba, ƙasa suke kwanciya su taru a wurin da iska ba ta kaɗawa, wato daidai ƙarƙashin bene. Abin da ya rage kawai tartsatsi ne: wani ya kunna ashana yana neman makulli, ko a dawo da wuta da ƙarfi wata tsohuwar waya ta yi ƙyas. Idan wuta ta tashi a wurin, na ƙasa da suka ajiye kayan suna iya fita ta ƙofar kicin. Ku na sama ne hayaƙi zai bi matattakala ya iske, kuma tagoginku duk da ƙarfen tsaro a jiki, kamar yadda kusan kowane gida yake a Kaduna. Ga kuma hunturu, lokacin da komai yake bushewa ƙayau, gobara ta fi yawa. Haka nan in akwai mai tayar da janareta a lungun don gudun ɓarayi ko ruwan sama, hayaƙinsa yana ɗauke da gubar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi. An sha rasa iyali guda a dare ɗaya ta wannan hanyar a ƙasar nan.

Buhunan masarar ma kada ki raina su. Na san dalilinsu, da kaka mutum ya samu sauƙi a Saminaka ko Giwa ya sayo na shekara, babu laifi a wannan, dabara ce. Sai dai hatsi a lungu gayyatar ɓera ne, ɓeran kuma ba a ƙofar mai buhu yake tsayawa ba, har kicin ɗinki zai hau. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci ake kamuwa da shi, kuma da rani ya fi tashi.

To ta ina za ki fara? Abin da na lura da shi a tsawon zamana shi ne, da wuya ka samu wanda ya cushe hanya don mugunta. Yawancinmu a gida mai tsakar gida da zaure muka tashi, inda turmi yake da wurinsa, rumbu yake da nasa, abin da ya tsufa a jingine shi a bayan ɗaki. Sai ga mu a ɗaki biyu da falo, ga kayan ɗakin da iyaye suka yi wa mace, ga na gara, ga abin da aka gada ba a iya rabuwa da shi. Maƙwabciyarki ta ƙasa in ta buɗe ƙofarta, a ganinta wannan filin gaban ɗakinta ne. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa hanyar mutum talatin ce ba. Saboda haka in kika je mata da "ku kwashe kayanku", abin da za ta ji shi ne kina ce mata ƙazama, kuma ko ta so kwashewa ba ta da inda za ta kai. Tambayar da take buɗe ƙofa ita ce: ina za mu sama wa kayan nan wuri?

Ki sauka ki same ta ita kaɗai, lokacin da yara suna makaranta, ba a bakin famfo ba, ba a gaban 'yar aiki ba. Ki yi sallama ki zauna, a gaisa sosai, a tambayi yara da maigida. Sannan ki kawo maganar Mama: "Maman yara, wallahi shekaranjiya Allah ne ya tsare, Mama ta kusa karyewa a wajen firizar nan. Ni kuma jarkokin nan suna hana ni barci saboda yaranmu duka. Ya kike ganin za mu yi?" Kin ga ba ki zarge ta ba, kin sa ta cikin masu neman mafita. Babur da mai kuwa yawanci na namiji ne, ba ta da ikon taɓa su. Wannan ki bar wa maigidanki ya tari mijinta bayan sallar Magariba ko Isha'i a hanyar dawowa daga masallaci, su yi ta maza. Kada ke ki tsare mijin wata a matattakala kina masa faɗa, nan take maganar za ta tashi daga kan jarka ta koma kan raini.

Abu biyu nake roƙonki ki guje musu. Kada ki ɗauki hoton kayan ki saka a zauren WhatsApp na gidan, kuma kada ki yi habaici a sitatus. Na ga gidan da hoto ɗaya ya raba mata biyu da gaisuwa har ɗaya ta tashi, kayan kuwa ko motsi ba su yi ba, domin daga ranar da aka kunyata mutum a bainar jama'a, kwashewa ta zama faɗuwa a wurinsa. Na biyu, mu a Kaduna muke, gida ɗaya za ki samu Bahaushe, Bayerabe, Bajju, Nupe, Musulmi da Kirista. Kada ki bari ko a cikin wasa wani ya ce "ai su haka suke". Maganar hanya ce, ta tsaya a kan hanya.

Idan ta ji, sai ku taimaka da gaske, ba da baki kawai ba. Firizar da ta mutu, 'yan gwangwan suna zagayawa kullum da kurarsu, za su auna su biya, ta samu na cefane. Masara a zuba ta a duro mai murfi a shigar ciki, ko a niƙa wani kaso a rage yawanta. A gidan da na zauna a Barnawa, abin da ya kashe rigimar gaba ɗaya karo-karo ne: muka nemi izinin mai gidan, muka kira mai walda daga kasuwar Panteka ya yi mana keji na ƙarfe mai rufin kwano a jikin katanga ta baya, aka raba shi gida-gida, kowa da kwaɗonsa. Janareta da mai suka koma can inda iska take kaɗawa, nesa da tagogi. Takalma kuma kafinta ya buga wa kowace ƙofa 'yar kanta siririya a jikin bango. In abin ya kai ga ginin bulo, ku bar wa mai gidan ya nemi izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, da kansa, kada ku zuba kuɗinku a ginin da za a zo a shafa wa jan fentin rusau.

Akwai kuma abin da na ga yana aiki fiye da komai, wato a daina maganar mutum ɗaya, a yi doka ta kowa. Ku kira zaman 'yan haya, irin wanda ake yi kan kuɗin maigadi da gyaran famfon burtsatse da kwasar shara, a sa maganar hanya a ciki. Kafin zaman ki tabbatar ko bokiti ɗaya naki babu a waje. A wani zama irin wannan ne wani dattijo da muke gida ɗaya ya kawo ma'aunin da har yau ban ji wanda ya fi shi ba. Ana ta musu kan taku nawa kowa zai ci daga ƙofarsa, sai ya ce a bar lissafin taku, a bar hanyar da mutum huɗu za su sauko da makara ba tare da sun karkata ta ba. Wurin ya yi tsit, domin kowa ya san ranar tana nan tafe, kuma kafin ita akwai mai naƙuda da za a riƙo da tsakar dare, akwai mara lafiya da za a sauko da shi a kan kujera. Da wannan ma'aunin aka rubuta takarda, kowa ya sa hannu, aka manna a ƙofar shiga, aka ba da mako biyu. Wanda ya tare a gidan daga baya, ranar da ya karɓi makulli ake nuna masa.

Idan maƙwabtan naki masu jin wa'azi ne, addini yana bayanki, amma ki faɗe shi da taushi, ba don ki ci su da hujja ba. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta haɗa kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa da kyautata wa iyaye. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani, ya kuma rantse cewa bai yi imani ba wanda maƙwabcinsa bai tsira daga cutarwarsa ba. Wani lokaci in liman ya taɓo wannan bayan sallar Asuba ba tare da kiran suna ba, ya fi zuwanki sau goma.

To in an bi duk wannan suka ƙi fa? Akwai masu taurin kai, ba zan ɓoye miki ba. Sai maigidanki ya kira mai karɓar haya ko mai gidan kansa. A nan ne hoto yake da amfani, a tura masa shi kaɗai, tare da rubutaccen saƙo mai kwanan wata, a ajiye kwafi. Kada a ce masa "sun dame mu", wannan ba ya tayar da mai gida daga kujera. A ce masa akwai fetur da gas a ƙarƙashin benensa, in wuta ta tashi gininsa ne zai tafi, kuma an sanar da shi a rubuce. Ku duba takardar yarjejeniyar hayarku, da yawa suna da sharaɗin hana ajiye abin da ke kama wuta da hana takura wa sauran 'yan haya. In mai gidan yana Abuja ko Kano ba ya ɗaga waya, mai unguwa yana nan, kuma sulhun irin wannan aikinsa ne na yau da kullum. Bayan shi akwai jami'an duba-gari da hukumar kare muhalli ta KEPA kan shara da ɓeraye, da 'yan kwana-kwana kan mai da gas. 'Yan sanda su ne na ƙarshe, sai in an kai ga barazana ko duka. Ko a wane mataki kuke, kada hannunki ko na yaranki ya taɓa kayan mutane. Ranar da kika jefar da tsohuwar firiza, ranar za ta zama sabuwa a bakin mai ita, a kai ki ƙara kan ɓarnar dukiya.

Kafin a kai ga warwarewa, yau ɗin nan ki sayi ƙwan fitila mai caji a saka a matattakala saboda Mama, ko da kuɗinki ne ke kaɗai. Ki sa a duba ƙarfen tagoginku, aƙalla ɗaya a mayar da shi mai buɗewa da kwaɗo, makullin a rataye kusa inda kowa a gidan ya sani. Ki koya wa yara lambar gaggawa ta 112. Idan kuma kuɗin hayarku ya kusa ƙarewa, an kwashe firiza da masara amma jarkokin mai suna nan daram, mai gidan kuma ya nuna ba ruwansa, ni dai shawarata kada ku sabunta, ku fara cigiyar wani gidan tun yanzu, kuma duk inda kuka je dubawa ki fara leƙa ƙarƙashin matattakala kafin ki shiga falo.