Ku Tambaya Mu Amsa: Gwanayen Besbol na Japan, na Da da na Yanzu

Tambaya: Malam, na ji an ce wanda ya fi kowa buga ƙwallo waje a tarihin besbol ɗan wasan Japan ne, amma Amurkawa na cewa Barry Bonds ne. Wanne ne gaskiya? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, duk biyun gaskiya ne, kowa a gidansa. Bugun da kake nufi shi ne hom-ron, wato a maka wa ƙwallo sanda ta tsallake katangar fili. Sadaharu Oh na ƙungiyar Yomiuri Giants ta Japan ya yi irinsa sau 868 daga 1959 zuwa 1980, Bonds kuwa 762 gare shi. Gasar Amurka ba ta ƙirga abin da aka yi a wata ƙasa, kuma masu ja suna cewa filayen Japan na wancan zamani sun fi ƙanƙanta. Hujjar tana da ƙarfi, amma a tuna cewa kakar Japan ta fi gajarta. Oh ya buga wasa 2,831, Hank Aaron na Amurka ya buga 3,298 kafin ya tara hom-ron 755.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda Oh ya gyara aibinsa. Da farko yakan makara wajen juya sanda, ƙwallo mai gudu ta wuce shi. A 1962 kocinsa Hiroshi Arakawa ya sa shi ya riƙa ɗaga ƙafar dama ya tsaya cak a kan ta hagu tun kafin a saki ƙwallo, kamar zalɓe a bakin rafi. Nauyin jiki na taruwa a baya, sannan ya sauke shi gaba ɗaya lokacin bugu. Wanda ƙugunsa bai da ƙarfi, da an sassauta gudun jifa sai ya rinjaya gaba ya bugi iska. Don haka Oh ya riƙa atisaye da takobi, yana saran takardar da aka rataye da zare. Hom-ron 55 da ya yi a kakar 1964 ba a wuce su a kaka guda a Japan ba sai 2013, da Wladimir Balentien ya yi 60.

Tambaya: Me ya sa ƙungiyar Dodgers ta Amurka ta ba Yoshinobu Yamamoto dala miliyan 325, amma Roki Sasaki ya samu miliyan 6.5 kacal? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Shekaru ne suka raba su, ba gwaninta ba. Ɗan wasan Japan ba ya da 'yancin tafiya waje da kansa sai ya cika kaka 9 a babban rukuni. Kafin nan, sai ƙungiyarsa ta yarda ta sa shi a kasuwa, a ba shi kwana 45 ya daidaita da wata ƙungiyar Amurka. Idan ba a daidaita ba, ya koma gida.

Kason tsohuwar ƙungiya a ƙayyade yake: kashi 20 cikin ɗari na miliyan 25 na farko, kashi 17.5 na miliyan 25 na biyu, sai kashi 15 na duk abin da ya haura miliyan 50. Lissafa na Yamamoto: miliyan 5, da 4.375, da 41.25. Tsohuwar ƙungiyarsa Orix Buffaloes ta tashi da kusan miliyan 50.6, kuma a kan kwantiragin aka ɗora su, ba daga albashinsa aka cira ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Wanda bai kai shekara 25 ba, ko bai yi kaka 6 a gasar ƙwararru ba, ana ɗaukarsa kamar ɗan koyo, ba a ba shi sai ɗan abin da doka ta ware. Yamamoto ya cika 25 kafin ya tafi a ƙarshen 2023. Sasaki yana 23 ya tafi a farkon 2025, duk da cewa a Afrilun 2022 ya yi wasan da ko mutum ɗaya cikin abokan hamayya bai taka tashar farko ba, ya fitar da 19 da jifa. Shohei Ohtani ma haka ya yi a 2017, ya karɓi kusan miliyan 2.3, sai daga baya ya sa hannu a kan miliyan 700.

Tambaya: Me ke sa masu jifan Japan ciwon gwiwar hannu in sun je Amurka? (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Hutu ne babban abu. A Japan wasa 143 ne, yawancin Litinin ba a wasa, mai buɗe jifa, wato wanda ke fara jefa ƙwallo a wasa, kan fito sau ɗaya a mako. A Amurka wasa 162 ne, bisa al'ada kwana 4 ake hutawa. Ƙwallon ma ta bambanta: ta Japan tana kama yatsa, ta Amurka tana da santsi, sai mai jifa ya ƙara matse ta, damtse ya gaji, nauyin ya koma kan jijiyar cikin gwiwar hannu. An yi wa Daisuke Matsuzaka tiyata a 2011, Yu Darvish a 2015, Ohtani a 2018 da 2023.

Amma kada a ɗora wa Amurka laifin duka, domin 'yan ƙasar ma suna fama da ciwon. Wasu kuma tun suna makaranta aka ci ƙarfin hannunsu. Matsuzaka yana ɗan sakandare ya yi jifa 250 a wasa guda a Koshien, gasar makarantun sakandare ta Japan, a 1998, washegari ya sake fitowa. A ganinmu wannan ya yi wa yaro yawa, kuma daidai ne da yanzu aka ƙayyade jifa 500 a mako ga ɗaliban.