Shin tashar gamayyar wasannin jami'o'i za ta iya riƙe kanta?

Ka tambaya ko gamayyar wasannin jami'o'in Amurka za ta ci riba idan ta kafa tasharta ta nuna wasanni a intanet. A ganina da wuya, muddin ta tsaya ita kaɗai. Gamayyar Pac-12 ta buɗe tashar talabijin tata a 2012 ba tare da abokin tarayya ba, ta kasa shiga DirecTV, kamfanin da ke kai tashoshi gidaje ta tauraron ɗan adam, har tashar ta rufe a 2024, alhali gamayyar Big Ten ta haɗa kai da kamfanin talabijin na Fox tun 2007 kuma tasharta na nan. Babban kuskure shi ne ɗaukar kowane mai goyon baya a matsayin mai biya, ga albashin ma'aikata ba ya jira. Kafin sa hannu, a nemi lauyan da ya san kwangilar haƙƙin nuna wasanni.