Amsoshin Tambayoyinku: Motar Tsere ta Rimot Mai Injin Naitiro, a Saya ko a Dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Samaru, kuma na daɗe ina kallon bidiyon ƙananan motocin tsere na rimot masu ƙara da hayaƙi, waɗanda ke tsalle a kan tudun ƙasa. Na ga ana sayar da irin wadda aka harhaɗa ta tun daga kamfani, an rubuta mata RTR, kuma ƙanena da ke Ingila ya ce zai taho mini da ita idan ya zo hutu. Wace iri zan ce ya saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin mu kai ga wace iri, akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, ita ce inda za ka riƙa samun man motar a Zariya. Wannan mota ba ta shan fetur ko kaɗan. Abin da take sha haɗi ne na abubuwa uku: metanol, wanda shi ne mafi yawa, sai naitirometen, wato naitiro a taƙaice, da yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a man tsere, sai kuma man da ke shafe cikin injin, wanda ake haɗawa da man zurma ko na kamfani ko duka biyun. Fuloginta ma ba ya ba da tartsatsi irin na babur. Wata siririyar waya ce a cikinsa mai haɗin filatinam, wadda ake jan wuta da ɗan batir mai ƙarfin bolt 1.5 ko ƙasa da haka kaɗan don a tayar da injin, daga nan sai tururin metanol da zafin konewa su ci gaba da riƙe ta da ja. Idan ka zuba fetur daga gidan mai na Kwangila ko na PZ, motar ba za ta yi maka aiki ba, kuma za ka iya lalata injin a banza.

Ƙanenka zai iya saka motar a jakarsa muddin sabuwa ce da ba a taɓa zuba mata mai ba, amma ba zai iya ɗauko man ba, domin ruwa ne mai kamawa da wuta kuma kamfanonin jiragen sama ba sa karɓar irinsa a cikin kayan fasinja. Ka yi wannan lissafin da kanka. Tankin motar da ake kira ɗaya bisa takwas, wato mai girman kashi ɗaya cikin takwas na motar gaske, yana cin mililita 125, kuma yakan ƙare cikin minti bakwai zuwa goma. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, wato tanki talatin ke nan, wanda bai wuce wasan awa huɗu ko biyar ba idan aka haɗa shi gaba ɗaya. Duk mai niyyar fita filin ƙwallo kowace Asabar zai ga gindin galan kafin wata uku. Saboda haka shawarata ita ce ka fara nemo mai sayar da man a cikin Najeriya, ka tabbatar yana kawo shi a kai a kai kuma zai iya aiko maka ta mota, sannan ka ba ƙanenka umarnin saye. Idan ba ka samu ba, ka dakata.

Wani zai ce ai a garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello ba za a rasa mai haɗa sinadari ba. Gaskiya ne cewa masu jiragen rimot sun daɗe suna tashi da haɗin metanol kashi 80 da tataccen man zurma kashi 20 ba tare da naitiro ba, amma injin mota an ƙera shi ne da tsammanin naitiro, kuma idan babu shi silonsa ba ya zama daidai, yana kuma yawan mutuwa da zarar an taka totur. Ga shi metanol guba ne da ke makantarwa idan aka sha, harshen wutarsa kuma da kyar ake ganinsa da rana. Ban ba sabon shiga shawarar ya mai da ɗakinsa wurin gwaji ba.

Sai batun haruffan RTR. Ma'anarsu ita ce motar ta zo a harhaɗe, da injinta da rimot ɗinta da gangar jikinta a fente, saɓanin wadda ke zuwa gunduwa-gunduwa a leda mutum ya haɗa da hannunsa. Amma kada sunan ya ruɗe ka. A mafi yawan kwalaye ba za ka tarar da mai ba, ba za ka tarar da abin jan wutar fulogi ba, haka nan gorar ɗura mai da batiran rimot. Injin kuma sai an hore shi kafin a sake masa linzami, domin fistinsa ba shi da ringi. Silindar ce aka tsuke ta daga sama don ta kama fistin, kuma sai an ƙona tankuna biyar ko fiye a hankali, da mai a wadace, kafin su saba da juna. Wanda ya buɗe wuta tun ranar farko ya rage wa injinsa kwana da hannunsa. Da sanyin safiyar hunturu ma yana da kyau a ɗan ɗumama kan injin kafin a ja igiya, saboda fistin yakan cije a sama idan ƙarfen ya yi sanyi.

Hunturun ne ma babban abokin gabarka a nan. Injin da girmansa bai wuce sisi (cc) 3.5 ba, amma yake juyawa fiye da sau 30,000 a minti ɗaya, ba ya yafe ƙura. Jar ƙurar filayenmu daga Nuwamba zuwa Maris, idan ta ratsa matatar iska, tana cin silinda kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Ka sa a sayo maka soson matata da yawa tare da mansa, ka riƙa canzawa da zarar ya yi datti, ka kuma ɗaure wuyan matatar don kada ta fita lokacin tsalle. Na taɓa ganin injin da matatarsa ta faɗi ba a lura ba, kafin tankin ya ƙare ƙarfinsa ya tafi, kuma bai dawo ba. Kafireton yana da allurai na daidaita mai, ɗaya ta gudu ɗaya ta ƙasa, da kuma sukurun silo. Saitin da ya yi daidai a sanyin Janairu ba zai yi daidai a zafin Afrilu ba. Alamar lafiya ita ce ka ga siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana bin motar, zafin kan injin kuma yana tsakanin digiri 95 da 120 a ma'aunin Salsiyos. Idan hayaƙi ya ɗauke, an matse mai da yawa, kuma tunda man shafawar yana cikin man da take sha, injin yana gudu ne a bushe.

Idan ka tabbatar da hanyar mai, to ka zaɓi girman ɗaya bisa takwas, mai jan taya huɗu, daga kamfanin da kayan gyaransa ke samuwa. Jerin Inferno na kamfanin Kyosho na Japan ya sha lashe gasar duniya ta IFMAR, ƙungiyar tseren motocin rimot, gasar da aka fara yi wa wannan rukuni a 1986 a Faransa, kuma akwai samfurin Inferno Neo da ake sayarwa a harhaɗe. Kamfanin HPI ma ya yi Trophy 3.5. Motocin HSP na Sin sun fi araha, sai dai sabon shiga yakan sha wahalar saita injinsu. Ko wacce ka ɗauka, a haɗo maka da fulogi uku ko huɗu, da hannuwan gaba, da takalman kuloci, domin babu shagon safaya a Sabon Gari da zan iya tura ka ka samo su.

Idan kuwa ƙarar inji da hayaƙi kawai kake so, akwai manyan motoci na ɗaya bisa biyar, irin su HPI Baja 5B, waɗanda ke shan fetur da aka gauraya da man inji, kamar ƙaramin janaretan shago. Sun fi tsada da girma, amma mansu yana bakin titi, kuma mai gyaran janareta zai gane kan injinsu.

Tambaya: Ɗana mai shekara goma ya yi saukar Alƙur'ani, kuma ya nace sai irin wannan motar mai hayaƙi. Ina Tudun Wada. Ta dace da shi?

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya albarka, ya sa ya yi aiki da abin da ya karanta. Amma a gaskiya ba ta dace da shi ba tukuna. Nauyinta ya haura kilo uku, tana iya wuce gudun kilomita 60 a awa, kuma idan ta daki ƙaurin yaro ko na tsoho a lungu, rauni ne na asibiti. Salansarta da kan injinta suna ƙona hannu, manta guba ne a gidan da ke da ƙanne, ƙararta kuma za ta haɗa ki da maƙwabta. Kamfanonin da kansu sukan rubuta shekara 14 zuwa sama a jikin kwali. Ki saya masa mai batir, girman ɗaya bisa goma, wadda rimot ɗinta ke aiki a kan gigahaz 2.4, kuma idan da hali wadda ake iya rage mata gudu har ya ƙware. Idan batirin irin LiPo ne, babba ne zai riƙa caja shi da cajar da aka yi dominsa, ba a kan katifa ba, kuma ba a barinsa a jone a tafi barci ana jiran a kawo wuta.

Tambaya: Wani abokina a unguwar Kongo a nan Zariya zai sayar mini da tasa ta hannu, ya ce shekara guda ke nan tana ajiye. Me zan duba?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da juya ƙafar injin, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a gabansa, da yatsa alhali yana sanyi. Idan fistin ya yi tauri a sama kafin ya wuce, akwai sauran rai. Idan ya wuce salin-alin, sai an canza fistin da silinda, kuma kuɗinsu zai iya cinye rangwamen da aka yi maka. Ka saurara ko boris yana ƙara kamar akwai yashi a ciki, domin metanol yana jawo danshi, kuma injin da aka ajiye da ragowar mai ya ratsa damina ba tare da an ɗiga masa man kariya ba yakan yi tsatsa daga ciki. Tsohon man da aka buɗe aka bari kada ka lissafa shi cikin ciniki. Sannan ka ce ya tayar da ita a gabanka, ya ɗaga tayoyinta sama, ya kashe rimot ɗin: idan totur ya koma silo ko birki ya kama, da kyau, idan kuwa injin ya ci gaba da ihu, sai an gyara wannan kafin ka biya ko sisi.