Maganar matakin ƙafa na gaba da ka tambaye ni

Salam yarona, naga saƙonka tun ɗazu, ina wajen sayo kaya ne shi yasa ban amsa ba. Kace mai mashin Boxer ɗin nan da yake zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna ya dawo yana kukan gwiwa da ƙugu, yana so a ƙara mai mataki a gaba inda zai riƙa miƙe ƙafa, kai kuma kana tambaya ko ka kaiwa mai walda ya liƙa mai rodi a jikin firam kawai a huta. A'a kar ka kai, ajiye mashin ɗin tukuna.

Mutumin yana da gaskiya fa, tafiyar sama da kilomita 200 gwiwa a lanƙwashe waje ɗaya dole ƙafa tayi tsami, ni kaina nasan wannan wahalar. Za mu yi mai aikin. Amma ka fara gane cewa matakin gaba na hutu ne kawai, matakin asali yana nan inda kamfani ya sa shi ba mai taɓa shi, dan birkin baya yana ƙarƙashin ƙafar dama, giya tana hagu, duk sanda mutum ya miƙe ƙafa gaba toh ya bar su a baya kenan. Ka lissafa da kanka, mashin in yana gudun kilomita 80 a awa yana cinye kusan mita 22 duk sakan ɗaya, rabin sakan ɗin da zai ɗauka ya dawo da ƙafa kan birki mita 11 sun tafi, in akuya ce ta faɗo titi ko tirela ta ci birki a gabansa kaga ai ba ƙaramin abu bane. Ga kuma ramuka, mai ƙafa a matakin asali yana ɗan ɗaga jiki ƙafafunsa su shanye dukan, wanda ya miƙe kuwa gadon bayansa ne zai karɓa gaba ɗaya, ciwon ƙugun da yake gudu shi zai ƙaro. Manyan baburan Amurka irin Harley-Davidson da kake gani a waya ana miƙe ƙafa, da yawansu birki da giyar ma an kai su gaban ne da dogayen sanduna, kuma tsarin kujerarsu daban yake, ba irin namu bane.

Maganar walda kuwa, bututun firam ba kauri gare shi ba, wuta tana cinye shi, kuma gefen ɗinkin nan ne yake fara tsagewa in jijjiga ta daɗe tana dukansa. An taɓa kawo mana wani da aka yiwa haka, tsaga ta kusa zagaye bututun mai shi bai ma sani ba, yana ta ɗaukar iyalinsa a kai, wallahi ranar sai da jikina yayi sanyi. Banda haɗarin tanki da batir da CDI, ɗan akwatin nan da yake ba fulogi wuta, in aka kunna wutar walda ba a cire su ba. Jikin inji ma kar ka rataya komai.

Ƙarfen gadin nan da yake tare inji da ƙafa in mashin ya faɗi, shi za mu yi amfani dashi. Girgiza shi da hannu ka gani, in na banza ne yana rawa a canza mai kauri tukuna. Sai ka auna faɗin bututunsa kafin a sayo mataki mai kilam, wato ƙarfen da yake rungume bututun a ɗaure shi da noti, dan akwai na 22mm akwai 25mm har 32mm, in kilam yayi mai yawa zai riƙa juyawa, kuma kar kace za ka cusa robar tiyub, da ta ji zafi take saki, fallen ƙarfe siriri ake naɗawa. A samo mataki mai naɗewa wanda in ya taɓa ƙasa zai kwanta da kansa, kar a sa sandar da zata caki kwalta a kwana.

Kar ka ɗaure komai sai mai mashin yazo ya zauna da takalmin da yake tafiya dashi, hannunsa a kan mashin, ya miƙa ƙafa gwiwa ta ɗan rage lanƙwasa, ba ta miƙe sambal ba, in ta miƙe duka zai riƙa zamewa baya yana janyo kan mashin. Hagu da dama su zo daidai, auna daga ƙasa. Ka juya kan mashin ƙarshen hagu da ƙarshen dama, ka danna shokazoba ta nutse, ka tabbata taya da madigadi basa kusantar mataki ko yatsunsa. Ɓangaren dama ka kula sosai dan ta nan salansa take fitowa daga inji, tana ƙona wando har da fata. Noti kuma mai roba a ciki ko ka haɗa da wosha mai sifirin.

Da bakinka za ka faɗa mai, cikin gari da kwana da wajen ramuka da lokacin ruwa ƙafa ta koma matakin asali, sai titi ya miƙe ba kowa ya huta, kuma duk da haka ya riƙa tsayawa yana ɗan takawa bayan awa ɗaya ko biyu. Yayi tafiya ɗaya ya dawo mu sake bin notikan da sifana. Gobe in Allah ya kaimu zan shigo da wuri, ka jera kayan ka kira shi ƙarfe 9, kai za ka ɗaure ina tsaye ina gani.